Kafin A Kunna Injin, A Nuna Mana Inda Ruwa Zai Tsaya



Iyayenmu dattawa, ranku ya daɗe. Iyayenmu mata, shugabannin mazaɓu, matasa, da 'yan uwa manoma da masunta da kuka taso daga Ikara, Makarfi da Kudan, har da baƙinmu na Kubau, sannunku da zuwa. An ce in yi magana a kan wutar lantarki da madatsun ruwan da ke kewaye da mu. To, maganar wuta zan yi, amma ta ƙofar ruwa zan shigo, domin ta nan ne abin zai taɓa gonar kowa a cikinmu.

Bari mu fara da dalilin da ya sa maganar ta taso yanzu. A shekarar 2023 an gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon samar da wutarsu da rarraba ta. A watan Yunin wannan shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki. Sai ga abin da ya faru a watan Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta yi kwanaki cikin duhu. Mai walda ya zauna, mai injin niƙa ya koma sayen man gas da tsada, mai ƙanƙara ya yi asara. Tun daga nan duk mai mulki da ke da dam a jiharsa ya fara kallonsa da wani ido. Kuma gaskiya ne, ruwan da aka riga aka tare, in aka sa masa injin, zai ba da wuta ba tare da an sayi gas ko man dizal ba. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan. Ni ma ina so. Wa ya ƙi a ce masana'antar tumatir ta Ikara tana da tsayayyiyar wuta?

Mu kuma kun san inda muke zaune. Dam ɗin Galma yana Kubau, mutanen da muke mazaɓar tarayya ɗaya da su, kuma tun a tsarin gininsa an haɗa da ruwan sha na Zariya, da noman rani, da samar da wuta. Muna da namu na Gimbawa a nan Ikara. In ka tsallaka iyakar Kano ta wajen Tudun Wada, ga tafkin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Ta wajen Rogo da Ƙaraye, maƙwabtan Makarfi, ga Challawa, wanda aka gama a 1992. Gwamnatin Kano ta riga ta kafa injinan wuta na megawat 10 a Tiga, aikin da aka fara zamanin Kwankwaso aka ci gaba zamanin Ganduje, Challawa ma an sa shi a wannan tsari. Sannan ruwan Galma kogin Kaduna yake faɗawa, kogin Kaduna kuma shi ne ke juya injinan Shiroro masu megawat 600 da na Zungeru masu megawat 700. Wato ruwan saman da ke sauka a ƙasarmu ya daɗe yana ba Najeriya wuta, ko an faɗa mana ko ba a faɗa ba.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya tafi gida da shi. Ranar da aka ɗora injin wuta a kan dam, an samu sabon mai ruwa. Kuma buƙatarsa daban take da ta mai lambu.

Bari in yi bayani dalla-dalla, don kada a ce maganar injiniyoyi ce. Ƙarfin wutar da injin ke bayarwa ya dogara ne da abu biyu: yawan ruwan da ke bi ta cikinsa, da tsayin inda ruwan ke faɗowa. In tafki ya cika maƙil, ruwan na dukan farfelar injin da ƙarfi, wuta ta yi yawa. In ya ja baya, ruwa ɗaya ne zai wuce amma wutar ta ragu. Saboda haka mai sayar da wuta yana son ya ga tafki a cike har wuya kafin damina ta ɗauke, ya riƙa zuƙa a hankali har bazara. Wannan ba mugunta ba ce, lissafin sana'arsa ke nan.

To ina matsalar? Matsalar tana cikin watan Agusta da Satumba, lokacin marka. In an riƙe ruwa da wuri don a tabbatar tafki ya cika, sai kuma sama ta sako ruwa kwana uku a jere, mai kula da dam yana da hanya biyu kacal. Ko ya riƙe, ruwa ya koma baya ya hau gonakin da ke bakin tafki. Ko ya saki, ya sauka a kan mutanen da ke ƙasa. Ko ta ina ya juya, wani zai kwana a ruwa. In rani ya yi kuma abin sai ya juye: ana zuƙar ruwa don wuta, bakin tafki yana gudu, mai lambun da ya dasa injinsa a nan a watan Disamba, kafin Maris sai ya ƙara tiyo a kan tiyo, ya ƙara mai a kan mai, wani ma tumatirinsa ya ƙone yana kallon ruwa daga nesa.

Kada wani ya raina mita ɗaya. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. A wurin da sai ka yi tafiyar mita 100 kafin ƙasa ta ɗaga da mita 1, to in tafki ya ƙaru da mita 1, ruwa ya ci mita 100 na gona ke nan, a duk tsawon gaɓar. In mita 3 ne, mita 300. A takardar ofis za a rubuta cewa an ɗan ɗaga ruwa kaɗan. A wurin mai rake kuwa, gonar ce gaba ɗaya.

Akwai kuma laka. Kowace damina ruwa na kwaso ƙasa da yashi daga gonakinmu yana zubawa a gindin dam. Dam ɗin da ya shekara arba'in ba shi da cikin da yake da shi ranar da aka buɗe shi. Kamar randa ce da aka zuba wa yashi: ruwan da da ba ya cika ta, yanzu sai ya tumbatsa. In aka yi lissafin wuta da tsohon cikin dam, to kuskuren a bakin gaɓa zai bayyana.

Jama'a, wannan abu an gan shi a ƙasar nan. Mu je Kainji, babban wansu duka. An kammala shi a 1968 a kan kogin Kwara. An tayar da mutane sama da 40,000, tsohon garin Bussa ya nutse, aka gina Sabuwar Bussa, ƙauyukan ƙasar Yawuri da dama suka koma tudu. An yi wa dam ɗin gurbin injina 12, aka kafa 8, masu megawat 760. Ruwa na shigo wa tafkin sau biyu a shekara: na daminar nan kusa, mai laka, wanda ake kira farin ruwa, da wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali da Nijar ya iso da hunturu, wanda ake kira baƙin ruwa. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa a shekara akan samu bambancin da ya kai kusan mita 10. Ku auna da lissafin da muka yi ɗazu. Ƙasa mai faɗi ce ke fitowa ta sake nutsewa duk shekara. Mutanen gaɓa sun koyi noma wannan ƙasa, suna bin ruwa in ya ja, su yi shuka a danshin da ya bari. Amma noma ne na ƙirga kwana. In ruwa ya dawo kafin lokacin da aka saba, amfanin ya tafi, kuma ba wanda za ka kama, don a takarda wurin cikin tafki ne.

Mu dawo kusa da gida. A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Bayan wannan ne aka rage tsayin mazubar rarar ruwa ta Tiga don kare dam ɗin, tafkin ya daina kaiwa inda yake kaiwa da. Ƙasar da ruwa ya saki, kun san manomi ba ya barin danshi ya zauna banza. To ku tambayi kanku, in wata rana aka ce wuta na buƙatar ƙarin ruwa, a mayar da tafki tsohon matsayinsa, wa za a fara tambaya? A ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, canjin lokacin zuwan ruwa kaɗai ya isa ya sauya rayuwa. Da ruwa kan zo da damina ya malale fadama, ya janye da rani. Da aka koma sakin sa shekara cur, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. A 2001 an yi mummunar ambaliya a Kano da Jigawa. A 2010 aka sake yi, gwamnatin Jigawa ta ce sakin ruwan Tiga da Challawa ne, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta ce ruwan sama ne. Ku lura da wannan gardama. Da a ce akwai ma'aunin ruwa da kowa ke gani, ana rubuta shi kullum a bainar jama'a, da ba a tsaya ana nuna wa juna yatsa ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Ghana, a watan Satumban 2023 aka fara sakin rarar ruwan dam ɗin Akosombo saboda tafkin Volta ya kusa wuce iyaka, kafin Oktoba ya ƙare garuruwa irin su Mepe suna cikin ruwa, dubban mutane sun bar gidajensu. A Nijar an fara gina Kandaji a yankin Tilaberi, kuma babban abin da ke gabansu shi ne tayar da mutanen Ayoru da ƙauyukan gaɓa. Mu nan gida kuwa dattawanmu ba su manta Bakolori ba, inda rikicin diyyar gonaki ya kai ga asarar rayukan manoma a watan Afrilun 1980. Gemun ɗan uwanka in ya kama da wuta, ka san abin da Hausawa suka ce ka yi da naka.

Wani zai ce, Malam, ai Galma ba Kainji ba ne, ƙaramin injin ne za a sa. Haka ne, kuma dole a faɗi gaskiya. Akwai hanyar da za a sa injin a dam ba tare da an cuci kowa ba. In ruwan da dama za a saki don sha ko don ban ruwa shi ne zai bi ta cikin injin ya wuce, to an samu wuta a kyauta, tafki kuma yana nan yadda aka saba. Tiga ma asalinsa don noman Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam aka gina shi. Inda abin ke lalacewa shi ne a yarjejeniya. Tun 2013 Kainji, Jebba da Shiroro suna hannun kamfanoni masu zaman kansu, kuma hanyar da ake bi ke nan yanzu: gwamnati ta ba ɗan kasuwa haya na shekaru masu yawa. Ɗan kasuwa ya ci bashin banki, kuɗinsa na fitowa ne daga yawan wutar da ya sayar. In takardar ba ta faɗi ƙarara cewa ruwan sha ne farko, noma na biyu, wuta ta uku ba, to ranar da ruwa ya yi ƙaranci, wanda ke da lauya shi zai ci. Ƙaramin dam kuwa ya fi saurin cika, ya fi saurin ƙafewa.

Ga kuma dokar ƙasa ta 1978, wadda da yawanmu ba mu san abin da ta ce ba. In gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, abin da ake biya shi ne amfanin da ke kai, da itatuwa, da gini. Ƙasar kanta ba a saye take ba. Gonar da ta ciyar da kakanka, ta ciyar da babanka, ana iya ƙiyasta ta da amfanin shekara ɗaya. Wanda kuma ke noma gonar aro, ko haya, ko jingina, da matar da ke da ɗan fegin alayyahu da yakuwa a bakin ruwa, da masunci, da Bafulatanin da mashayarsa ke nan, in ba a rubuta sunansu tun farko ba, ranar rabo ba su da kowa.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu tsaya a kai, murya ɗaya, ko wace gwamnati ce, ko wane kamfani ne.

Na farko, a kafa turaku. Ginshiƙan siminti masu jan fenti, a zagaye tafki, a daidai inda ruwa zai kai ranar da ya fi kowace rana cika. A ajiye taswirar a ofishin hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma. Wanda ya yi gini a cikin layin ya san abin da ya yi. In kuma ruwa ya tsallake turke, an san wanda zai biya.

Na biyu, jadawalin ruwa, a rubuce, da Hausa. Wane wata ake cikawa, wane wata ake fara zuƙa, kuma ina ne ƙarshen da ba za a sauka ƙasa da shi ba komai buƙatar wuta. A sa jerin nan na sha, noma, wuta a cikin yarjejeniyar kanta, kuma majalisar jiha ta ga takardar kafin a sa hannu.

Na uku, ma'auni da gargaɗi. A kafa allon awo a inda kowa zai iya karantawa, a riƙa faɗin matsayin ruwa a rediyo lokacin marka kamar yadda ake faɗin farashin kasuwa. In za a saki ruwa, sanarwa ta riga shi da kwanaki, ta bakin dagatai da masu unguwanni, a masallatai da majami'u, a ranar kasuwa, da saƙon waya. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA ma na fitar da na ambaliya. Mai kula da dam ya nuna mana yadda ya yi aiki da su.

Na huɗu, a ƙirga mutanen gaɓa kafin a fara aiki. Mai gona, ɗan aro, ɗan haya, mata masu lambu, masunta, makiyaya da burtalinsu. Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo su sa hannu a jerin. Kuma a amince tun yanzu a kan yadda za a biya in ruwa ya ci amfanin gona a wajen turaku, kada sai ɓarna ta auku a fara ciniki.

Na biyar, kujera da rabo. A kwamitin da ke yanke shawarar buɗewa da rufewa, a samu wakilan manoma da masunta masu ikon magana. Garuruwan da ke bakin dam su ne farkon shan wutar. Abin kunya ne waya ta bi ta saman ƙauye ta tafi birni, yaran ƙauyen suna karatu da fitilar waya. Akwai hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna. An yi dokarta a 2010, ba ta fara aiki ba sai 2021, daga baya aka shigar da jihar Kaduna cikinta. 'Yan majalisarmu na tarayya, na Ikara da Kubau da na Makarfi da Kudan, su zo su faɗa mana me yankin nan ke samu a ciki.

Waɗannan ba roƙo ba ne kawai, doka na bayanmu. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli da jama'a kafin a fara shi, a kuma baje rahoton a fili na kwanakin aiki 21 don kowa ya karanta ya yi ƙorafi. Abin da ke faruwa shi ne a ajiye kundin a wani ofis, da Turanci, kwanakin su ƙare ba wanda ya leƙa. To matasanmu masu digiri da difloma, ga aikinku. Ku nemo shi, ku karanta, ku fassara wa iyayenku, ku rubuta ƙorafi da sunaye da sa hannu. Wannan ya fi zagin juna a Facebook amfani.

Mu ma akwai namu. Kowane mai gona a bakin ruwa ya auna ta, ya ɗauki hotonta da rani da damina, ya sa dagaci ya shaida. Ƙungiyoyin noman rani su buɗe littafi, su riƙa rubuta ranar da ruwa ya kai wuri kaza kowace shekara. Mu daina nome gaɓar rafi har bakin ruwa, mu bar ciyawa da itatuwa su riƙe ƙasa, don lakar da ke cika dam daga gonakinmu take fitowa. Kuma in an kafa turaku, kada a wayi gari wani ya tumɓuke don ya ƙara kadada. Wanda ke neman a bi masa doka, shi ma ya bi.

Shugabannin mazaɓu, ku ne ke karɓar 'yan takara. Za su zo, na gida da na waje, kowa da alƙawarin wuta daga dam. Ku yi musu tafi in kun ga dama, amma kafin su shiga mota ku tambaye su: ruwan a ina zai tsaya? Wa ke riƙe da makullin? In ya ci gonata, wa zai biya, kuma cikin wata nawa? Wanda ya amsa, ku sa ya rubuta. Wanda ya ce sai ya hau tukuna, ku tuna masa cewa tun ran gini ake zane.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ruwan ɓarna, ya mayar da kowa gidansa lafiya.